Yadda ake haɗa modem da rauta, da gane abin da kalmominsu ke nufi

Duk wanda ya taɓa kiran kamfanin da ke ba shi intanet don kai ƙorafi ya san yadda hirar take tafiya. Kai kana cewa "abin ba ya yi", shi kuma ma'aikacin yana tambayarka wace fitila ce ke ci, ko kebul ɗin yana cikin WAN, ko kwamfutarka ta samu adireshin IP. Daga nan sai magana ta tsaya, don kowa da yaren da yake yi. Abin yana damuna, saboda yawancin matsalolin nan mai gida zai iya gano su da kansa cikin 'yan mintuna.

Intanet tafiya ce mai zango-zango. Saƙo yana tashi daga wayarka ko kwamfutarka ya isa rauta, daga rauta ya isa modem, daga modem ya isa kamfanin da ka yi rajista da shi, daga can ya fita duniya. Kalmomin da ke ba mutane tsoro galibi sunayen waɗannan zangunan ne da na ayyukan da ake yi a cikinsu. Mu bi hanyar tun daga buɗe kwali.

Fara da juya akwatin

Kafin ka jona komai, juya na'urar ka dubi bayanta da ƙasanta. Akwai takarda manne da ke ɗauke da sunan Wi-Fi na asali, kalmar sirrinsa, adireshin shiga saiti, da sunan mai kula. Ɗauki hotonta da wayarka yanzu, domin rubutun yakan goge da daɗewa.

Sai ka tantance ko modem ce a hannunka, ko rauta, ko duka biyun a jiki ɗaya. Modem tafinta ce. Saƙon da ke zuwa daga waje yana zuwa ne a matsayin haske, ko igiyar rediyo, ko motsin lantarki, ita kuma tana juya shi zuwa abin da kwamfuta ke fahimta, ta kuma juya na kwamfuta zuwa abin da layin zai iya ɗauka. Rauta kuwa mai rabo ce: tana karɓar haɗi guda ɗaya daga modem ta rarraba wa duk na'urorin gida, tana tuna wa ya nemi me. Kamfanoni da yawa yanzu akwati ɗaya suke bayarwa mai yin aikin biyun, shi ya sa ake cakuɗa sunayen.

Irin abin da ke shiga modem daga waje shi ke faɗa maka irin layinka. Idan siririn kebul ne irin na tarhon tebur, kuma an rubuta DSL a kafar, layinka na bin tsohuwar wayar tarho ta tagulla ne, kuma nisanka da cibiyar kamfani yana rage masa gudu. Idan kebul ne mai kauri mai allura a tsakiya da ake murɗa kansa, irin na talabijin, wannan modem ɗin kebul ce. Idan siririn zare ne mai kai kore ko shuɗi, faiba ce, wato zaren gilashi mai ɗaukar haske, kuma akwatinta ana kiransa ONT. Idan kuwa wurin saka layin SIM ka gani, 4G ko 5G ce, daga turken sabis take sha kamar wayar hannu.

Game da faiba, kiyaye abu biyu. Kada ka lanƙwasa zaren sosai ko ka danne shi da kujera, gilashi ne, yana karyewa a ciki ba tare da ka ga alama a waje ba. Kuma kada ka leƙa bakinsa da ido, hasken da ke ciki ba a ganinsa amma yana iya cutar da ido.

Jona kebul, sannan wuta

A bayan rauta za ka ga kafofi masu kama da juna a jere. Ɗaya daga ciki launinta daban, an rubuta mata WAN ko Internet. Sauran, sau da yawa guda huɗu, an rubuta musu LAN. WAN ita ce ƙofar da ke kallon waje, LAN kuma ɗakunan cikin gida. Kebul ɗin da ya fito daga modem a WAN yake shiga. Kwamfuta, talabijin da firinta su ne na LAN. Kuskuren da na fi gani a wajen masu fara haɗawa shi ne sanya kebul ɗin modem a LAN, tunda ramin iri ɗaya ne kuma yana shiga lafiya lau.

Kebul ɗin ana kiransa Ethernet. Ɗaga kansa ka duba ta cikin robar mai haske, za ka ga siraran wayoyi takwas masu launi a jere. Tura shi har sai ka ji ya yi ƙas, alamar ɗan harshen robar ya kama. Idan harshen ya karye, canza kebul ɗin, don zai riƙa zamewa yana ba ka wahalar da ba za ka gane tushenta ba. A jikin kebul akwai rubutu. Nemi Cat5e ko Cat6, waɗannan suna ɗaukar gudun gigabit guda, wato megabit 1,000 a daƙiƙa, har tsawon mita 100.

Kunna modem ita kaɗai tukuna, ka ba ta minti biyu zuwa uku. Tana gaisawa da kamfani ne a lokacin, fitilarta tana ƙyaftawa har ta tsaya cak. Bayan ta tsaya sai ka kunna rauta. Idan ka kunna su tare galibi ba komai, amma wani lokaci rauta takan nemi adireshi kafin modem ta shirya, ta rasa, ta zauna haka nan.

Yanzu karanta fitilun. Ta wuta a bayyane take. Wadda aka rubuta wa DSL, ko PON a akwatin faiba, tana nuna haɗuwa da kamfani: tsayawa cak lafiya, ƙyaftawa ba ƙaƙƙautawa tana nema ba ta samu ba. A akwatin faiba akwai wata mai suna LOS, wadda ya kamata ta kasance a kashe. In ta kama da ja, haske ba ya isowa, ko zare ya tsinke ko kansa ya zare, kuma babu wani saiti da za ka taɓa ya gyara wannan. Fitilun LAN da na Wi-Fi kuwa ƙyaftawarsu alheri ce, tana nufin bayanai na wucewa.

Adireshi, wurin da ya cancanci a zauna a kai

Haɗa wayarka ko kwamfutarka da rautar, ta kebul ko ta Wi-Fi da sunan da ke kan takardar nan. Da zarar ka haɗu, rauta za ta ba na'urarka lamba, wato adireshin IP. Rukunin lambobi huɗu ne da ɗigo a tsakaninsu, kowane rukuni daga 0 zuwa 255, misali 192.168.1.23. Aikin rabon nan da rauta ke yi da kanta shi ake kira DHCP. Aro take bayarwa na ɗan lokaci, shi ya sa lambar wayarka ta yau ba lallai ta zama ta jibi ba.

Don ka gani da idonka a kwamfuta mai Windows, danna maɓallin Windows tare da R, rubuta cmd, ka danna Enter. A baƙin allon da ya buɗe rubuta ipconfig. Layi uku kake nema. Na farko IPv4 Address, adireshinka ke nan. Na biyu Subnet Mask, wanda a gidaje kusan kullum 255.255.255.0 ne, ma'anarsa rukuni ukun farko sunan unguwa ne, na ƙarshe lambar gida, don haka unguwar tana ɗaukar na'urori 254. Na uku Default Gateway, ƙofar fita, kuma wannan ba kowa ba ne illa rautarka. Yawanci 192.168.1.1 ne ko 192.168.0.1, a wasu masu layin SIM kuma 192.168.8.1. A waya, taɓa sunan Wi-Fi ɗin da kake kai ka shiga bayanansa, za ka tarar da su.

Wataƙila ka lura adireshin gidan maƙwabcinka ma da 192.168 ya fara, har yana iya zama daidai da naka. Babu rikici a nan. Tsarin IPv4 yana da adireshi kusan biliyan 4.3 ne kawai, kuma tun da wuri aka hango ba za su ishi duniya ba. Babbar ma'ajiyarsu ma ta ƙare a watan Fabrairun 2011. Don haka aka ware wasu rukunai na amfanin cikin gida zalla: masu farawa da 10, masu farawa da 192.168, da waɗanda ke tsakanin 172.16 da 172.31. Waɗannan ba sa fita waje. Gidanka gaba ɗaya adireshi guda yake da shi a idon duniya, wanda kamfani ya ba kafar WAN. Duk saƙon da zai fita, rauta tana cire adireshin cikin gida ta liƙa na waje, ta rubuta a ajiye. In amsa ta dawo ta duba ta miƙa wa mai ita. Wannan dabara ita ce NAT. Sabon tsari, IPv6, yana da adireshi masu yawan da ba ya buƙatar wannan, kuma za ka gane shi da tsawonsa da haruffan da ke gauraye da lambobi.

Lamba ɗaya nake so ka haddace: 169.254. Idan ka ga adireshin kwamfutarka ya fara da ita, ta nemi aro daga rauta ba ta samu amsa ba, sai ta laƙaba wa kanta. Matsalar tana tsakaninka da rauta ke nan, kamfani ba shi da hannu.

Akwai kuma adireshin MAC, haruffa da lambobi 12 da masana'anta ke ba kowace na'ura. Da shi rauta ke bambance na'urorin da ke kanta, kuma shi za ka gani a jerin masu amfani da Wi-Fi ɗinka.

Shiga cikin rauta

Buɗe burauza, ka rubuta adireshin ƙofar fita a sama inda ake rubuta sunan shafi. Shafin da zai buɗe daga cikin rautar kanta yake fitowa, don haka ko babu intanet zai buɗe. Shigar da suna da kalmar sirrin mai kula da ke kan takarda. Ka lura kalmomin sirri biyu ne daban: ta Wi-Fi da kake ba iyali da baƙi, da ta mai kula da ke buɗe saiti. Ta biyun ita ake mantawa, ana barinta yadda ta fito daga masana'anta, alhali a wasu na'urori kowa ya san ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Canza ta kafin ka taɓa komai, ka rubuta a takarda ka adana.

Sai ka nemi sashen WAN ko Internet. Nan ake faɗa wa rauta yadda za ta gabatar da kanta ga kamfani. Idan an zaɓi DHCP ko Dynamic IP, da kanta za ta karɓi adireshi, ba abin da za ka rubuta. Idan kamfaninka na amfani da PPPoE, kamar yadda da yawan masu DSL da faiba ke yi, akwai suna da kalmar sirri da suka ba ka lokacin rajista, nan za ka zuba su harafi da harafi. Masu layin SIM kuma APN suke buƙata, wato sunan mashigar kamfanin, wanda galibi yakan shiga da kansa. Idan ka gama, duba shafin da ke nuna halin na'ura. Ganin adireshi a gaban WAN yana nufin kamfani ya karɓe ka. Ganin 0.0.0.0 yana nufin har yanzu kana bakin ƙofa.

Wani abu da ya shafi masu son kallon kyamarar tsaro daga nesa: in adireshin WAN ɗinka yana tsakanin 100.64 da 100.127, kamfanin ya haɗa ka da wasu kwastomomi ne a bayan adireshi guda, kuma shigowa gidanka kai tsaye daga waje ba za ta yiwu ba sai ka nemi su ba ka naka na kanka. Haka kuma wanda ya sayi rauta ya jona a bayan akwatin kamfani mai haɗe da rauta, ya tara masu rabo biyu a gida ɗaya. Buɗe shafuka zai yi, amma wasannin intanet da kyamarori sukan yi gardama. Maganinsa a sa akwatin kamfani a yanayin da ake kira Bridge, ya koma modem zalla.

Wi-Fi

SSID sunan Wi-Fi ne kawai, wanda ke bayyana a waya. Sa wanda za ka gane, ban da sunanka ko lambar gidanka. A wajen tsaro zaɓi WPA2 ko WPA3. Idan ka ga WEP, tsallake shi, an daɗe da fasa shi. Kalmar sirri ba ta gaza haruffa 8, amma ni na fi son jimla mai tsawo da mutum zai iya tunawa a kan gajeriyar kalma mai alamomi barkatai. Kashe WPS, musamman mai amfani da lambar PIN, domin tun 2011 aka bayyana raunin da ke cikinsa.

Rautoci da yawa suna watsawa a zango biyu, 2.4 GHz da 5 GHz. Na 2.4 yana tafiya nesa yana ratsa bango, sai dai a cunkushe yake, har Bluetooth da na'urar ɗumama abinci ta maikurowef suna cikinsa. Na 5 ya fi gudu da sarari, amma bango biyu na kankare sun isa su raunana shi. Wanda ke ɗaki ɗaya da rauta ya hau 5, na ƙarshen gida ya hau 2.4. In maƙwabta sun yi yawa kuma na 2.4 yana sanyi, gwada tasha ta 1, ko 6, ko 11, su ne ukun da ba sa hawa kan juna.

Wurin ajiya ya fi yawancin saiti tasiri. Tsakiyar gida, a sama, a fili. Ban da cikin kabad, ban da bayan talabijin, nesa da ƙarfe, madubi da tankin ruwa.

Auna gudu ba tare da ruɗewa ba

Kamfanoni da megabit suke talla, ana rubuta shi Mbps da ƙaramin b. Kwamfuta kuma in tana sauke fayil megabait take nunawa, MB da babban B. Bait guda bit 8 ne, don haka raba da takwas. Layin 20 Mbps zai sauke kusan megabait 2.5 a daƙiƙa, fayil mai gigabait guda zai ci wajen minti bakwai. Mutane da yawa sun zargi kamfani da cuta a nan alhali lissafi ne.

Shafin auna gudu yana ba da lambobi uku: na saukewa, na ɗorawa, da ping. Na ɗorawa shi ke riƙe hotonka a kiran bidiyo. Ping kuwa lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo ne, ana auna shi da ms, kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Layi yana iya zama mai faɗi amma mai jinkirin amsa. Tauraron ɗan'adam irin wanda ke tsaye a nisan kusan kilomita 36,000 yakan ba da ping na wajen 600, shi ya sa masu hira ta kansa suke katse juna.

Yi awon ta kebul, sauran na'urori a kashe, in kana son sanin gaskiyar layin. Na taɓa duba wani haɗi da ya kamata ya wuce 100 Mbps nesa ba kusa ba, amma awo kullum yana tsayawa wajen 94. Da na ɗaga kan kebul ɗin a haske sai ga waya ɗaya cikin takwas ɗin ta ja baya, ba ta taɓa ƙarfen. Gigabit yana buƙatar duka takwas, gudun 100 kuma huɗu sun ishe shi, don haka na'urorin suka sauka ƙasa shiru ba tare da sanarwa ba. Sabon kebul ya gama maganar.

Ranar da ya ɗauke

Nan ne sanin zangunan ke biya. Kada ka fara da tone-tonen saiti. Bi hanyar daga kusa zuwa nesa.

Gwada wata na'ura tukuna. In waya na yi kwamfuta ba ta yi, laifin na kwamfutar ne. In duka sun tsaya, dubi fitilu, ka taɓa kowane kebul ka tabbatar ya zauna. Cire wutar modem da rauta, jira daƙiƙa 30, mayar da modem, sannan rauta.

In bai dawo ba, buɗe baƙin allon nan ka rubuta ipconfig. Ka ga 169.254? Rubuta ipconfig /release sannan ipconfig /renew don a sake neman aro. In adireshin lafiya yake, rubuta ping, ka bar tazara, ka sa adireshin rautarka, misali ping 192.168.1.1. Windows zai aika saƙo huɗu. In amsoshi sun dawo, tsakaninka da rauta ƙalau. Sai ka matsa gaba da ping 8.8.8.8, wata na'urar Google ce a can waje. In wannan bai amsa ba alhali rauta ta amsa, yankewar tana daga rauta zuwa kamfani.

In 8.8.8.8 ya amsa amma shafuka ba sa buɗewa, gwada ping google.com. Rashin amsa a nan yana nuna DNS. Kwamfuta ba ta san sunaye ba, lambobi ta sani, kuma DNS shi ne littafin da ke juya sunan shafi zuwa adireshin IP, kamar yadda wayarka ke juya sunan aboki zuwa lambarsa. Paul Mockapetris ne ya tsara shi a 1983, kuma har yau duk shafin da ka buɗe sai an fara tambayarsa. Hanya a buɗe take, mai nuna gida ne ya yi shiru. Shiga saitin rauta ko na kwamfuta ka canza DNS zuwa 8.8.8.8, ko 1.1.1.1 na Cloudflare.

Akwai ɗan rami a bayan rauta da aka rubuta wa Reset. Danna shi da tsinke na kusan daƙiƙa 10 yana goge komai: sunan Wi-Fi, kalmomin sirri, har bayanan PPPoE. Kada ka kusance shi sai kana da waɗannan a rubuce, in ba haka ba matsala ɗaya za ta zama biyu.

In bincike ya nuna laifin daga waje yake, kira kamfani da bayaninka a hannu: fitilar LOS ja ce tun ƙarfe kaza, ko WAN yana nuna 0.0.0.0, rauta tana amsa ping amma 8.8.8.8 ba ya amsawa, an kashe an kunna, an canza kebul. Nemi lambar ƙorafin da suka buɗe maka, ka rubuta ta tare da ranar da lokacin da ka kira.